Dattijon da ke faɗowa daga kujerar fiyano: girmama kiɗa yake yi ko raina shi?

Baban Amira:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun daren jiya, na ce bari in kawo shi gaban manya. Amira ce ta miƙo mini waya ta ce, Baba kalli wannan tsohon. Wani dattijon Bature ne mai furfura, sanye da baƙar kwat, ya fito gaban taro zai kaɗa fiyano. Ya zauna, ya gyara kujera, ya ɗaga hannuwa kamar zai fara, sai ya fasa ya juyo yana hira da mutane. Ya sake ɗagawa, ya sake fasawa. Da ya fara kuwa, sai sautin ya fito a hargitse. Ya tsaya ya ƙura wa takardar kiɗan ido, ashe a juye ya ɗora ta. Ya daidaita ta, sai ga kiɗa ya fito garau. A wani bidiyon kuma mawaƙiyar da yake yi wa kiɗa ta ƙwala murya, ya zabura ya faɗo ƙasa, ya tashi ya ɗaure kansa a kujerar da bel irin na mota. Mun yi dariya har Amira na riƙe ciki. Sunansa Victor Borge.

Can wajen ƙarshe sai ya bar wasa. Ya kaɗa wani abu mai sanyi na ɗan mintuna, zauren ya yi tsit, ni ma tsikar jikina ta tashi. A nan fa raina ya sosu. Na ce mutumin da Allah ya ba irin wannan hannu, me ya kai shi ƙarar da dare guda yana tuntsurawa daga kujera? Wannan girmama kiɗan ne ko wulaƙanta shi? Kuma ita fasahar ma, don me aka yi ta?

Kawu Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ranka bai sosu a banza ba. Duk abin da aka gina da girma, a bar shi da girmansa. Wannan kiɗa na Turawa da kake magana, a fadodin sarakunansu da majami'unsu ya taso, kamar yadda namu kiɗan taushi da kotso ya taso a fada. Ka taɓa jin an ce Narambaɗa yana gaban Sarkin Gobir na Isa ya yanke waƙa a tsakiya ya yi birgima don fadawa su yi dariya? Tambari ma ba kowa ake buga wa ba, ba kuma kowace rana ba. Yawan wasa shi ke kawo raini. Ran da yara suka saba ganin mai fiyano yana faɗuwa, ran da gwani na gaske ya zauna, jiran faɗuwarsa za su yi.

Ɗan Fiyano:
Kawu, Allah ya ƙara girma. Ina neman izini in ɗan ja da kai, don wannan abin sana'ata ce, shekara tara ina kan kibod da fiyano.

Farko dai a san ko waye mutumin. An haife shi a Kwafanhagan ta ƙasar Denmak a 1909, mahaifinsa makaɗi ne a ƙungiyar makaɗan gidan sarautar ƙasar. Yana ɗan shekara 8 ya fara kaɗa fiyano gaban jama'a. Ke nan horo ya samu irin na gwanaye, ba tsintar abin ya yi a hanya ba. Bayahude ne, kuma a wasanninsa yakan yi wa 'yan Nazi zambo. Da Jamus ta mamaye Denmak a watan Afrilun 1940 yana Siwidin, sai ya bi ta Finland ya hau jirgin ruwa zuwa Amurka, ya sauka kusan ba ko sisi, ga shi ba ya jin Ingilishi. A gidajen sinima ya koyi harshen. A 1953 ya buɗe wasansa shi kaɗai a dandalin Broadway na birnin New York, aka yi shi sau 849. Ya rasu a ƙarshen shekarar 2000 yana da shekara 91, kuma har dab da rasuwarsa yana hawa dandali.

To Kawu, mutumin da ya yi wa Hitler dariya a lokacin da dariyar ke iya jawo masa kisa, ni ban iya kallon barkwancinsa a matsayin rashin sanin darajar abu.

Kawu Mai Ritaya:
Na ji tarihinsa, Allah ya saka. Jarumi ne, ban musa ba. Amma jarumtarsa daban, abin da ya yi wa kiɗan daban. Ba ka amsa mini ba tukuna.

Ɗan Fiyano:
Gaskiya ne Kawu, bari in zo kan kiɗan. Su kansu waɗanda suka rubuta shi sun zuba wasa a cikinsa.

Ɗauki Joseph Haydn. Kusan shekara 30 yana barantaka a gidan sarautar Esterházy, yana sa tufafin gidan kamar sauran bayin fada. Makaɗin fada ne cikakke, irin wanda kake kwatantawa. A 1792 a Landan aka fara kaɗa simfoninsa mai lamba 94, wato dogon kiɗa mai kashi-kashi da babbar ƙungiyar makaɗa ke kaɗawa tare. Kashi na biyu yana farawa a hankali, da ɗan amo mai sauƙi kamar na reno, ya maimaita shi ƙasa-ƙasa har kunne ya saki jiki, sai kwatsam duk makaɗan su buga tare, daram! An daɗe ana cewa don ya tashi masu gyangyaɗi ya yi haka. Shi da bakinsa ya gaya wa mai rubuta tarihinsa cewa so ya yi ya ba mutane mamaki da sabon abu, don kada almajirinsa Pleyel, wanda shi ma yake Landan a lokacin, ya sha gabansa.

Mozart kuwa a 1787 ya zauna ya rubuta kiɗa guda sukutum na gangancin kuskure, yana kwaikwayon marubucin da bai iya ba. Masu busa su kauce layi, a ƙarshe kowane kayan kiɗa ya ƙare a nasa muryar, kamar kasuwa ta watse. Kuma a simfonin Beethoven akwai kashi mai sauri da ake kira scherzo, kalmar Italiyanci ce, ma'anarta wasa. Sunan ma ke nan.

Wannan tsit da ake yi a zauren kiɗa yau, ba tari ba tafi sai an kai ƙarshe, daga baya ya zo. A 1778 Mozart ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa daga Faris yana murna cewa mutane sun ɓarke da tafi ana tsakiyar kiɗa, a daidai gurbin da ya shirya musu. Don daɗi, da aka tashi ya je ya sha askirim, ya ja carbinsa na Katolika da ya yi alwashi.

Abu Hafsa:
'Yan'uwa, kada a manta malamai sun yi magana a kan kiɗa shi kansa.

Maman Yusra:
Haka ne Malam, kuma wannan babi nasu ne, kowa ya koma ga malaminsa. Tambayar Baban Amira ta ƙarshe nake so in taɓa, don an bar ta a baya. Ni a ganina fasaha aikinta uku ne, kamar yadda muke koya wa yara a aji: ilmantarwa, faɗakarwa, nishaɗantarwa. Kuma nishaɗin shi ne ƙarami a cikinsu, kamar sukarin da ake sa wa magani. Waƙoƙin Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya suna sa dariya, amma in ka tashi ka tafi da darasi a kan zaman aure ko halin talaka. Shi wannan tsoho da ya faɗo daga kujera, wane darasi Amira ta ɗauka?

'Yar Damagaram:
Yaya Maman Yusra, ki yi mini haƙuri, wannan ma'auni ya yi mini ƙunci. Kakata tana da wata ƙwarya da take dama fura a ciki, an ƙone mata zane a baya, layi-layi da 'yan ɗigo, har ta yi baƙi-baƙi don tsufa. Da ta tsage, ɗinke ta ta sa aka yi, alhali ga robobi cike da ɗaki. Me zanen ƙwaryar nan yake koyarwa? Me aska takwas a gaban babbar riga take faɗakarwa a kai? Ba komai. Amma kin san furar da aka dama a cikinta da wadda aka dama a roba ba ɗaya ba ne a zuciyar mai sha. Akwai abin da ake yi don kawai ido ya huta a kansa, kunne ya huta, mutum ya ji ana girmama shi. In aka ce dole sai da darasi, to rabin abin da iyayenmu mata suka yi da hannunsu ya fita daga lissafi.

Maman Yusra:
Ƙanwata, kin kama ni a nan. Ƙwaryar kaka na yarda. Amma ƙwarya ba ta yi wa kowa ba'a. Shi wannan yana ɗaukar aikin wani da ya sha wuya a kai, yana karkata shi.

Ɗan Fiyano:
Malama, ki bar ni in gaya miki abin da Amira ta ɗauka, don na taɓa gwada abin da hannuna.

Wata rana a situdiyo na ce bari in kwaikwayi irin wannan wasa don in ba yaran da nake koyarwa dariya. Na ɗauki ɗan amon da kowa ya sani, na yi niyyar in kuskure sauti ɗaya a ƙarshe. Wallahi yatsana ƙi ya yi. Shekaru ya yi yana koyon zuwa daidai, sai da na maimaita ya fi sau goma kafin ya yarda ya sauka a gefe. Da ya sauka kuma, ba wanda ya yi dariya, don na yi gaggawa. Sai da na gane cewa dole in ɗan dakata kafin sautin, daƙiƙa ɗaya ko ƙasa da haka, in bar kunnensu ya riga ni isa wurin da ya kamata, sannan in kauce. Da na yi haka yaran suka kwashe da dariya.

A ranar na fahimci abu biyu. Na ɗaya, kiɗa da barkwanci sana'a ɗaya ce ta fuskar lokaci: ka sa mutum ya yi tsammani, ka riƙe shi, sannan ka ba shi ko ka hana shi. Na biyu kuma shi ne amsarki. Ba mai dariya ga kuskuren da bai gane kuskure ba ne. Da Amira ta yi dariya a kan takardar da aka juya, kunnenta ya riga ya san yadda daidai yake, alhali ba ta taɓa shiga ajin kiɗa ba. Tsohon nan ya nuna wa yarinya 'yar Arewa cewa tana jin wannan kiɗa, ba na wasu masu kwat ba ne su kaɗai. Mutane da yawa tsoron irin wannan kiɗan suke, suna ganin sai mai digiri. Dariyar ita ke cire tsoron. Shi ya sa da ya daina wasa ya kaɗa na gaske, Baban Amira ya ji shi har cikin ƙashi. Da da shi aka fara, ƙila da ya miƙa wa Amira wayarta tun minti na farko.

Baban Amira:
Wannan gaskiya ne, ƙanena. Da da shi aka fara, da ban kai ƙarshe ba.

Mai Nazari:
Ina bin muhawarar tun safe. Ɗan Fiyano ya yi bayani mai kyau, amma ya sauƙaƙa abin da yawa, kuma ina ganin damuwar Baban Amira ta farko tana nan ba a kawar da ita ba.

A bikin buɗe gasar Olamfik ta Landan a 2012, an kawo ƙungiyar makaɗan simfoni ta Landan, Simon Rattle na jagoranta, sai aka zaunar da Mista Bean a cikinsu yana danna maɓalli ɗaya tak. Ya gaji, ya duba waya, ya yi atishawa, ya sa lema yana danna maɓallin don ya kai hannu ga jakarsa. Duniya ta yi dariya. Yau ku tambayi mutum goma da suka kalla, wa ya rubuta kiɗan? Wa ya ja makaɗan? Mista Bean kaɗai za a tuna. Gwanaye sun fi hamsin a dandalin, sun zama labule.

Haka zanen Tom and Jerry na 1947 da kyanwa ke kaɗa fiyano ɓera na damunta, wanda har kyautar Oscar ya ci. Kiɗan Franz Liszt ne, ɗan ƙasar Hangari. Miliyoyin yara sun san amon, amma in suka ji shi ɓera suke gani. An ɗaura wa kiɗan hoton da ba zai kuɓuta daga gare shi ba. Shi Borge ɗin ma, masu sauraronsa sun sha fatan ya kai kiɗa ɗaya ƙarshe ba tare da ya yanke ba. Akwai asara a nan, kada mu ɓoye ta. Ƙofa ce dariya, na yarda, amma mutane da yawa a bakin ƙofar suke zama ba su shiga ɗaki.

'Yar Damagaram:
Malam Mai Nazari, waɗanda suka zauna a bakin ƙofar, da babu ita ina za su kasance? A waje can nesa. Ni dai ta wannan kyanwar na fara jin fiyano a rayuwata.

Mai Nazari:
Ban musa ba, Malama. Abin da nake tsoro shi ne zamanin waya. Bidiyon daƙiƙa 30 ya horar da mu. Simfoni kuwa yana cin minti 25, wani ma ya haura awa. In abin dariyar kaɗai ake yankowa ana yaɗawa, yaushe za a koyi zama?

Ɗan Fiyano:
Wannan tsoro nawa ne ni ma, Yaya. Amma ga wani misali. Akwai samari biyu 'yan Ostireliya, Brett Yang da Eddy Chen, masu gogen Turawa, da ake kira TwoSet Violin. Da barkwanci suka tara miliyoyin mabiya a YouTube, suna tsokanar wahalar atisaye da halin malaman kiɗa. A 2022, da mabiyansu suka kai miliyan 4, sai suka yi biki da ƙungiyar makaɗan simfoni ta Singafo, Brett ya kaɗa babban kiɗan goge na Mendelssohn daga farko har ƙarshe, ba wasa a ciki, matasa suka zauna suka saurara kai tsaye. Wasu dai suna shiga ɗakin. Ba duka ba, amma wasu.

Inda na yarda da kai ɗari bisa ɗari shi ne batun Mista Bean. Shi ɗan wasan kwaikwayo ne da aka ajiye a gaban kiɗa. Borge makaɗi ne da ke wasa daga cikin kiɗan. Wanda bai iya ba in ya yi kuskure, kuskure ne kawai.

Kawu Mai Ritaya:
Maganar nan ta ƙarshe ta tuna mini wani abu, bari in faɗa ko da za ta rage wa hujjata ƙarfi. Muna yara, ranar kasuwar garinmu akwai wani ɗan kama da ke zuwa. Ya naɗa tsohon rawani, ya shimfiɗa buzu, ya buɗe wasu yagaggun takardu, ya gyara murya kamar mai tafsiri, sai ya shiga karanto babin tuwo da miyar kuka, da hukuncin wanda ya ga nama ya kau da kai. Almajirinsa na gefe yana amsawa. Mutane har hawaye. Abin da ban lura da shi ba sai da na girma, mutumin nan ya iya jan baƙi. Inda ake tsayawa ya sani, inda ake ja ya sani. Wani ya zo bayansa yana kwaikwayo, bai yi allo ba, ko kare bai tsaya masa ba. Kuma ban taɓa jin wani ya fasa zuwa makaranta don ya ga ɗan kama ba.

Amma ɗana, ka lura, a kasuwa yake yi. Bai taɓa shiga zauren malam ya yi ba. Kowane abu da muhallinsa. Nan nake tsaye har yanzu.

Ɗan Fiyano:
Kawu, to bari in kawo maka wanda aka yi a cikin zauren, gaban mai gidan.

Haydn ɗin nan dai, a 1772. Yarima Nikolaus Esterházy yana da fadar shan iska a karkarar Hangari, yakan tafi da makaɗansa su yi bazara a can, matansu da 'ya'yansu kuwa suna gida a garin Eisenstadt. A shekarar zaman ya yi tsawo, makaɗa suka ƙosa, ba kuma mai iya tunkarar yarima ya ce a koma gida. Suka kai kuka wurin Haydn. Sai ya rubuta simfoni mai lamba 45. Kashin ƙarshe yana tafe da sauri kamar yadda aka saba, sai ya yanke ya koma a hankali. Can sai mai busa ɗaya ya gama nasa, ya hure kyandir ɗin da ke gaban takardarsa, ya ɗauki kayansa ya fita. Wani ya bi shi. Ɗaya bayan ɗaya, sauti na raguwa, haske na raguwa, har ya rage masu goge biyu kaɗai a cikin duhu-duhu. Yadda aka ruwaito, yarima ya gane, aka yi shirin komawa washegari.

Hannunka-mai-sanda ke nan, Kawu, irin wanda makaɗan fada da wawan sarki suke yi a wurinmu, su faɗi abin da waziri ba zai iya faɗa ba. In ana kaɗa shi yau mutane sukan yi dariya lokacin da na farko ya tashi ya fita. Kafin a kai kan biyun ƙarshe dariyar ta ɗauke. Ni ban san inda zan sa wuƙa in raba wasan da gaskiyar a cikinsa ba.

Maman Yusra:
To wannan kam akwai faɗakarwa a ciki, har da haƙƙin ma'aikaci da na iyali.

'Yar Damagaram:
Akwai, Yaya. Amma yarima ya ji saƙonsa tun sama da shekara 250 da suka wuce, matan sun ga mazajensu. Mu da muke saurare yau ba mu da yariman da za mu roƙa, kuma ba mu daina saurare ba.

Kawu Mai Ritaya:
Wannan bawan Allah ya san fada. Da ladabi ya yi, bai faɗo daga kujera ba. Shi na karɓe shi. Mai bel ɗin mota kuwa ku ba ni lokaci. Ɗana, ka turo mini na kyandir ɗin in gani da idona.

Baban Amira:
Jama'a na dawo. Bayan isha'i na nemo simfoni 45 ɗin, muka zauna ni da Amira da mahaifiyarta a tsakar gida, an ɗauke wuta, hasken wayar kaɗai. Na ce mata ba tsallakewa, daga farko za mu fara. Ta yi ta mutsu-mutsu a kashi na biyu, har ta ce Baba yaushe za a yi abin dariyar. Na ce ki jira. Da mai busa na farko ya miƙe ya fita, ta ƙyalƙyale. Na biyu ma haka. Da aka kai wajen rabi sai ta yi shiru, ta matso ta jingina da kafaɗata. Masu goge biyun nan suka ƙarasa a hankali, sautin kamar zare, har ya ɓace. Ba wanda ya yi magana a cikinmu na ɗan lokaci. Sai ta ce, Baba, su biyun nan su ma an bar su sun tafi gida?

Kawu, na tura maka. Ka sa abin ji a kunne, ƙarshen ba ya fita sosai a lasifikar waya.